OmniOS da kstat: kowane ɗan haya da tasa mitar

Duk mai riƙe da saba ɗaya, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajojin jama'a, yana raba wa mutane da yawa, akwai tambayar da za ta riƙa biyo shi kowane ƙarshen wata: wa ya cinye data? Ni aikina ke nan. Ina kula da na'ura guda mai ɗauke da manhajojin wata makaranta, da wani kantin magani mai rassa, da wasu ƙananan 'yan kasuwa, duka a kan layin intanet ɗaya da nake biya. Saboda wannan tambayar na zauna a kan OmniOS, kuma fanni guda nasa zan yi magana a kai: yadda yake ƙirga abin da ke wucewa ta sashen sadarwar kowane abokin ciniki, da yadda ya bar ni na ƙara nawa ƙirgen a cikin kanel, wato zuciyar tsarin, ba tare da na hargitsa komai ba. A wannan fanni ban ga wanda ya fi shi tsari ba. Sai dai ko da yake ba a biyan sisi wajen sauke shi, akwai abin da yake karɓa a hannunka, kuma zan faɗe shi.

Ga wanda bai san shi ba, OmniOS tsarin sarrafa kwamfuta ne irin su Linux, jikan Solaris. Kamfanin Sun ya buɗe kod ɗin Solaris a 2005 da sunan OpenSolaris, Oracle ya saye Sun a farkon 2010, a watan Agustan shekarar kuma Garrett D'Amore ya sanar da illumos domin aikin ya ci gaba a fili. illumos shi ne kanel da ginshiƙan tsarin. OmniOS ɗaya ne daga cikin waɗanda ke ɗaukarsa su haɗa shi ya zama abin da za a girka a saba, kamar yadda SmartOS da OpenIndiana ke yi. Kamfanin OmniTI na Amurka ne ya fara shi a 2012, daga 2017 kuma wata ƙungiya mai mazauni a Suwizalan ce ke riƙe da shi. Sau biyu a shekara suke fitar da sabo, Mayu da Nuwamba, kowane na huɗu kuma ana ci gaba da kula da shi har shekara 3. A kan irin wannan mai dogon zango na gina aikina, r151046 na Mayun 2023.

Kowane abokin ciniki nawa yana cikin zon ɗinsa. Zon ya zo ne da Solaris 10 a 2005: kanel ɗaya, amma kowane zon yana ganin kansa tamkar shi kaɗai ne a na'urar. Da farko duk zon-zon suna tarayya ne a sashen IP guda na babban zon, wato zon ɗin mai na'urar. Sabuntawar Agustan 2007 ce ta kawo IP na ƙashin kai, inda zon ke samun nasa teburin hanyoyi, nasa ARP, nasa saitin TCP, da tasa katangar tsaro. Sai aikin Crossbow ya shigo a 2009 da katin sadarwa na manhaja, VNIC, ta yadda ba sai ka sayi katin ƙarfe ga kowane zon ba. Umarni ɗaya na `dladm create-vnic` ya isa, sai ka sa `ip-type=exclusive` a `zonecfg`, shi ke nan. Wanda ya taɓa zama gidan haya mai mitar wuta ɗaya ya san rigimar: mai fanka ɗaya da mai firiza biyu ana raba musu bil daidai, kullum ana gunaguni. IP na tarayya haka yake. Na ƙashin kai kuwa kowane ɗaki da tasa mitar.

Ita mitar sunanta kstat. Abin da ya fara burge ni shi ne ƙofa ɗaya ce tak. Yawancin lissafin da kanel ke ajiyewa, na faifai ne, na furosesa ne, na tsarin ajiyar fayil ZFS ne ko na sadarwa, ta `/dev/kstat` yake fitowa, kuma sunansa gaɓa huɗu ne da ba sa canzawa: modul, lamba, suna, sai ma'aunin kansa. Ka rubuta `kstat -p link:0:net0:rbytes64 5` sai ka ga yawan bayit da suka shigo ta wannan katin, ana sabunta maka kowace daƙiƙa 5. Ka rubuta `kstat -m tcp -s retransSegs` sai ka ga sau nawa TCP ya sake aika abin da ya riga ya aika, wanda shi ne abu na farko da nake dubawa in an ce min "Malam, yau shafin namu yana jan ƙafa". Akwai `listenDrop`, mai nuna haɗin da aka yar saboda layin jira ya cika. Su `vmstat` da `iostat` da `mpstat` duk daga wannan rijiyar suke ɗiba. A illumos umarnin yana iya fitar da JSON in ka sa `-j`, wanda ya rage min wahalar tsintar lambobi daga rubutu.

Kowane kstat yana zuwa da lokuta biyu a jikinsa, `crtime` da `snaptime`, na farko lokacin da aka ƙirƙire shi, na biyu lokacin da aka ɗauki wannan karatun. Abu ne ƙarami a ido amma ni a wurina babba ne. In kana lissafin gudu, ba ka dogara da agogon manhajarka ba, sai ka raba bambancin bayit da bambancin `snaptime`, lissafi ya fito daidai ko da na'ura ta yi nauyi ta jinkirta karatun. In kuma `crtime` ya canza, ka san an sake kunna zon ne ma'auni ya koma sifili, ba za ka cire sabon adadi daga tsoho ka kai wa mutum lissafin banza ba.

Yawancin mutane a nan za su tsaya, kuma sun yi daidai. Direban katin sadarwa ma a illumos ba shi ke ƙirƙirar waɗannan ma'aunai da hannunsa ba. Yana cika kira ɗaya ne, `mc_getstat`, tsarin MAC ya tambaye shi adadi ya shirya kstat ɗin da kansa. Shi ya sa ko katinka na `e1000g` ne ko `igb` ko `ixgbe`, sunayen da za ka gani iri ɗaya ne.

Ni buƙatata ta ɗan wuce nan. Ba duk bayit ne ke cin kuɗi ba. Abin da zon ɗin makaranta ke turawa zon ɗin ajiya da dare ba ya fita daga na'urar ma, domin VNIC biyu a kan kati ɗaya suna magana ne ta mahaɗar cikin gida da kanel ke yi musu. Abin da ke tafiya zuwa ofisoshin da ke layinmu na gida shi ma ba ya taɓa layin waje. Amma `rbytes64` da `obytes64` ba ruwansu da wannan, komai suke haɗawa. Ina son a raba min: na waje daban, na gida daban, sannan cikin na waje a ware TCP da UDP, hanyoyi biyu na aika data, domin kiran bidiyo da makarantar ke yi ta UDP yake bi kuma shi ne abin da aka fi jayayya a kai. Na fara gwada `flowadm` da `flowstat`, kayan Crossbow ne kuma suna aiki lafiya ƙalau, sai dai littafin jagorarsu ya faɗa ƙarara cewa a kan kati ɗaya ba a cakuɗa nau'o'in rabo: in ka raba ta adireshi, ba za ka kuma raba ta nau'in sufuri, TCP ko UDP, a wannan katin ba. IP Filter ma, wato katangar tsaron tsarin, yana da dokokin `count`, amma da `ipfstat` ake karanta su, wata ƙofa ce daban, ni kuwa manhajar da ke zana min lissafi ta riga ta iya kstat. Sai na yanke shawarar rubuta ƙaramin modul, wato ɗan kod da ake lodawa cikin kanel.

A nan ne OmniOS ya saye ni, don haka bari in ɗan daɗe.

Matsalar duk wanda zai rubuta irin wannan modul ita ce sashen sadarwa ba ɗaya ba ne, kuma ba a tsaye suke ba. Zon ya tashi, sabon sashe ya bayyana. An kashe zon, sashen ya ɓace. In ka yi amfani da `kstat_create` na gama-gari, wanda direbobin faifai da sauransu ke kira, ba shi da gurbin da za ka ce masa wannan lissafin na sashe kaza ne. Maganin yana cikin sashe na 9F na littafin jagora, ƙarƙashin sunaye masu farawa da `net_`. Za ka kira `net_instance_alloc` ya ba ka wani tsari mai gurabe, ka rubuta sunan modul ɗinka a `nin_name`, ka cika guda uku: `nin_create`, `nin_shutdown` da `nin_destroy`. Sai ka miƙa wa `net_instance_register`. Daga wannan lokaci kanel ne zai riƙa kiranka. Yana kiran na farkon ga kowane sashe da ke raye a lokacin da ka yi rajista, da kowane sabo da zai zo daga baya, yana miƙo maka lambar shaidar sashen, `netid`. Ba ka bin zon-zon kana leƙe, ba ka ajiye jerin sunayensu, ba ka sauraron wani sanarwa ta gefe.

A cikin `nin_create` na ware ɗan memori na wannan sashe, sannan na kira `net_kstat_create`. Abubuwan da yake karɓa su ne dai na `kstat_create`: sunan modul, lamba, suna, aji, nau'i, yawan ma'aunai da tutoci, sai `netid` da aka ƙara a gaba. Na sa wa modul suna `mita`, aji `net`, nau'i `KSTAT_TYPE_NAMED`, wanda shi ne mai jerin suna da adadi. Kowane ma'auni na yi masa `kstat_named_init` da `KSTAT_DATA_UINT64`: `waje_shiga_tcp`, `waje_fita_tcp`, `waje_shiga_udp`, `waje_fita_udp`, `gida_shiga`, `gida_fita`. Sai `kstat_install`, wanda kafin a kira shi babu mai ganin komai daga waje, don haka ba za a taɓa karanta ma'auni rabi-da-rabi ba. Ranar da na shiga zon ɗin kantin magani na rubuta `kstat -m mita` na ga sunayen nan na Hausa sun jeru a allo, gefe da gefe da na `tcp` da `ip`, da `crtime` da `snaptime` ɗinsu da ban rubuta ko layi ɗaya a kansu ba, na ji daɗi ƙwarai da gaske.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi ya cancanci a duba, kuma ana iya dubawa tunda kod ɗin a buɗe yake. `net_kstat_create` yana juya `netid` zuwa lambar sashe, ya miƙa wa `kstat_create_netstack` da ke cikin `netstack.c`. Shi kuma hanya biyu gare shi. In sashen na ƙashin kan wani zon ne, sai a ƙirƙiri kstat ɗin da sunan wannan zon. In kuma sashen babban zon ne, sai a ƙirƙire shi a can, a kuma saka shi a wani jeri na tarayya, ta yadda duk zon da ke amfani da IP na tarayya zai gan shi, har da wanda zai tashi gobe. Layuka ne kaɗan, mutum zai karance su kafin shayinsa ya huce, amma su ne suka ɗauke min aikin da ya fi kowanne haɗari: tabbatar da cewa makaranta ba ta ganin lissafin kantin magani. Ban rubuta wani binciken izini ba. Kuma tunda sunaye a kowane zon daban ake lissafa su, `mita:0:lissafi` yana nan a kowane zon da suna iri ɗaya ba tare da karo ba, rubutu ɗaya ke karanta su duka.

Shi ƙirgen kansa ta ƙugiyoyin fakiti ake yinsa, wato wuraren da kanel ke kiranka duk sa'ar da gutsuren data zai wuce, irin waɗanda IP Filter na Darren Reed ke rataye a kansu. `net_protocol_lookup` ya ba ka IPv4 na wannan sashe, `net_hook_register` ya rataya aikinka a `NH_PHYSICAL_IN` da `NH_PHYSICAL_OUT`. Kowane fakiti ya zo wucewa sai a kira ka, a nuna maka kansa, ka duba adireshi da nau'i, ka ƙara tsawonsa a ma'aunin da ya dace, ka mayar da sifili ya wuce abinsa. A wannan wuri ba a barci, ba a jiran komai, domin a tsakiyar hanyar fakiti kake. IPv6 ƙugiyarsa daban ce, sai ka sake nema ka sake ratayawa. Wanda ya manta da wannan zai ga lissafinsa ya gaza na katin ya rasa dalili.

Akwai zaɓi a yadda ake ƙara adadin. Mafi sauƙi shi ne `atomic_add_64` kai tsaye a kan ma'aunin da ke cikin kstat. A ƙaramar na'ura irin tawa wannan ya wadatar. Amma in furosesa na da yawa kuma fakiti na kwarara, dukkansu za su riƙa kokawa a kan gurbin memori guda, abin ya rage gudu. TCP na illumos ya kauce wa haka ne ta ba kowace furosesa nata ma'aunin, sai lokacin da wani ya zo karatu a tattara. kstat ya tanadi gurbin wannan, `ks_update`, aikin da ake kira daf da ɗaukar karatu. Na bi wannan salon ba don nauyi ya tilasta min ba, sai don ya raba abu biyu da suka kamata su rabu: hanyar fakiti tana ƙirge kawai, kstat yana tattarawa in an tambaya. In kuma wani ya yi yunƙurin rubutu a kai, `ks_update` ya mayar masa da `EACCES`.

Rufewa ita ce inda ake son natsuwa. An raba ta biyu da gangan. A `nin_shutdown` nake cire ƙugiyoyi in kira `net_kstat_delete`, tun sashen yana nan da lambarsa. A `nin_destroy` nake sakin memori, bayan na tabbata babu fakitin da zai sake taɓa shi kuma babu mai karatun da ke riƙe da shi. Ka juya wannan jeri, ka saki memori alhali ƙugiya na rataye, fakiti na gaba zai taka wurin da babu kowa, kanel ya faɗi da duk zon-zon da ke kansa. Wannan ba laifin tsarin ba ne, haka aikin kanel yake ko'ina. Abin da na yaba shi ne kayan gwaji da aka tanada. Duk gwajina a cikin na'urar bhyve na yi shi, wato kwamfutar manhaja da ke gudana a cikin wata, ba a kan sabar mutane ba. Na sa `set kmem_flags=0xf` a `/etc/system` domin kanel ya riƙa sa ido kan kowane memori da aka karɓa da wanda aka saki, na yi ta tayar da zon ina kashewa, sannan na tambayi `mdb` da `::findleaks` ko akwai abin da ya zube. Ranar ɗorawa a kan saba ta gaske kuma na fara yin sabon muhallin kunnawa da `beadm`, wanda in abu ya ɓaci zan koma na jiya daga allon farko.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko, shafin `net_kstat_create` a littafin jagora gajere ne ainun. Ya lissafa abin da kiran ke karɓa, ya ce in ya gaza zai mayar da NULL, ya tura ka `kstat_create`. Bai nuna maka yadda zai zauna tare da `net_instance_register` da ƙugiyoyi a modul guda mai aiki ba. Kowane shafi daidai yake a kan kansa, amma haɗa su sai ka je ka karanta `solaris.c` na IP Filter a cikin kod ɗin illumos, wanda shi ne malamina na gaskiya a wannan aiki. Hatta yadda ake harhaɗa modul a wajen bishiyar illumos, tutocin gcc irin su `-D_KERNEL` da `-mcmodel=kernel` da `-mno-red-zone`, da gaya wa `ld` cewa modul ɗin ya dogara da `misc/neti` da `misc/hook`, sai ka tsinto su nan da can. Cikakken misali ɗaya mai layi ɗari zai rage wa sabon shiga wahala mai yawa.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Wannan katangar da na yaba, wadda ke hana zon ganin na wani, tana aiki har a kan mai gida. kstat da aka ƙirƙira wa sashen ƙashin kai na wannan zon ne, ba ya fitowa da kansa a babban zon. Ni kuwa daga babban zon nake tattara lissafi. A cikin kanel akwai `kstat_zone_add` da ke ƙara wani zon cikin masu gani, amma kayan cikin gida ne, ba ya cikin kiraye-kirayen `net_` da aka tanadar wa irina, kuma in za ka bi ta nan dole kowane sashe ya sami lamba daban don kada sunaye su yi karo a babban zon. Ban so in jingina aikina da abin da ba a yi min alkawarinsa ba, don haka rubutuna yana zagayawa ne da `zlogin` yana shiga kowane zon yana karantowa. Yana aiki, amma zagaye ne. Da an ba `net_kstat_create` wata tuta mai cewa "mai gida ma ya gani", da magana ta ƙare.

Sai ƙananan abubuwa. Sunaye ba sa wuce harafi 30, domin `KSTAT_STRLEN` 31 ne har da alamar ƙarshe, kuma abin da ya haura yankewa ake yi shiru. Hausa na son dogon suna, sai ka taƙaita. Lambar zon tana canzawa duk lokacin da aka sake kunna shi, `netid` kuma ba lambar zon ba ce, don haka da sunan zon nake ajiye tarihi, ba da lamba ba. Shi kansa kstat ba ya ajiye tarihi ko kaɗan, abin da ke nan yanzu kawai yake faɗa. An kashe zon, adadi ya tafi. In wuta ta ɗauke ba zato, abin da aka ƙirga tun karatun ƙarshe ya salwanta, shi ya sa nake kwashewa kowane minti 5 zuwa faifai.

Wani zai ce ai Linux ma na yin wannan, kuma gaskiya ne. Keɓaɓɓun sassan sadarwa sun fara shiga Linux tun 2.6.24 a 2008, `register_pernet_subsys` kuma kusan aikin `net_instance_register` yake yi, kowane sashe da nasa `/proc/net/snmp`. FreeBSD na da VNET a cikin jail. Ina aiki da Linux kullum kuma ina girmama shi. Bambancin a wurina shi ne can lissafi a warwatse yake: wani a `/proc`, wani a `/sys`, wani sai `ethtool -S`, wani ta netlink, kowanne da salon rubutunsa, in kuma ka ƙara naka kai za ka zaɓi siffa ka rubuta mai karanta ta. A nan siffa ɗaya ce, mai karatu ɗaya ne, `libkstat` ɗaya ce, har da `kstat_chain_update` mai gaya wa manhajarka cewa wani kstat ya shigo ko ya fita. Ko mutanen da suka kai ZFS Linux sai da suka tafi da kstat, shi ya sa ake samun `/proc/spl/kstat/zfs/arcstats` a can. A ɗaya ɓangaren, Linux na da eBPF, wanda zai yi irin ƙirgen nan nawa ba tare da an loda modul mai iya kayar da kanel ba. DTrace na illumos, kayan leƙen abin da kanel ke yi, yana da kyau wajen bincike na ɗan lokaci, na yi amfani da shi wajen tabbatar da cewa ƙugiyata na ganin abin da ya kamata, amma ba shi zan bari yana gudana wata da watanni don lissafin kuɗi ba. Wannan maki na Linux ne, ba na jayayya.

Babban farashin OmniOS kuwa ba a kstat yake ba, a kewayensa yake. Direbobinsa ba su kai na Linux yawa ba ko kusa. Katunan Intel na saba suna tafiya lafiya, amma kafin ka sayi na'ura, musamman ta hannu da aka haɗa da kayan da aka samu, sai ka duba sunan katin sadarwarta da na faifanta ka tabbatar akwai direbansu. Jama'arsa kaɗan ne. Waɗanda ke zauren hirarsu na IRC a Libera.Chat masana ne kuma suna amsawa da mutunci, amma ba za ka rubuta matsalarka a Google ka ga amsa ashirin ba. Sannan in ka ɗauki yaro aiki, da wuya ya zo da sanin `zonecfg` da `dladm` da `svcadm`. Kai za ka koya masa daga tushe. Ƙanina da ke taimaka min ya iya Ubuntu sosai, amma sai da na zaunar da shi muka bi umarnin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gane cewa zai iya tambayar `kstat -l -m mita` ya ga sunayen ma'aunai kafin ya karanta su, sai ya ce min, "Yaya, ai wannan ya fi sauƙi." Daga baya shi ya rubuta ɗan shafin da abokan ciniki ke shiga su ga zanen nasu.

Amfanin da na gani a aikace shi ne magana ta sauya salo. Shugabar makarantar ta kira tana cewa, "Malam, mu fa ba mu yi aikin da zai kai wannan kuɗin ba." Na ce, "Hajiya, a sa malamin kwamfutarku ya shiga zon ɗinku ya rubuta abin da zan faɗa masa." Ya rubuta, ya karanto min `waje_fita_udp` da bakinsa, muka gwama da abin da na aika musu, ya zo ɗaya, domin daga wuri ɗaya muka ɗebo. Ba lissafina ba ne da za a ce na ƙara, na kanel ne, kuma suna iya dubawa duk sa'ar da suka ga dama ba sai sun nemi izinina ba. Daga nan maganar ta koma kan rage ingancin bidiyon darussan yamma, wadda ita ce maganar da ta kamata a yi tun farko.

Wanda ke da shafi ɗaya a saba ɗaya ba ya buƙatar duk wannan, ya zauna inda yake. Wanda kuma ke raba na'ura wa mutane, yana son kowa a killace da lissafinsa, ya fara da zon mai IP na ƙashin kai da `dlstat` da `flowstat`, akwai yiwuwar su ishe shi bai taɓa rubuta layin C ko ɗaya ba. Sai in sun gaza, kamar yadda suka gaza min a kan rabo biyu a kati ɗaya, sannan ya buɗe `solaris.c` na IP Filter a taga ɗaya, shafukan `net_instance_register` da `net_kstat_create` a ɗaya tagar, ya kuma yi gwajinsa a cikin bhyve da `kmem_flags` a kunne kafin modul ɗin ya kusanci na'urar da ke ɗauke da kayan mutane.